Wasa a Ɗakin Inna Hure

Ƙotar fartanyar Sha'aban ce ta karye, shi ya sa ya baro gona tun kafin la'asar. Ya ratso ta cikin geron da ya rufe dangar gidansu, ya shigo ba tare da kowa ya ji motsinsa ba. Turmi a kife, tulu babu ruwa, matarsa Aina'u ba ta tsakar gida. Sai ya ji dariyar ɗansa Abba tana fitowa daga ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hure, wadda aka binne tun farkon damina.

Abba ya doshi shekara uku bai taɓa furta kalma ba. Da suka kai shi asibiti a Dawakin Tofa, malamar da ta duba shi ta ce kunnensa lafiya, harshensa lafiya. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro da wasa take ginuwa: a zauna da shi a ƙasa, a ɓoye abu a fito da shi, a faɗi sunan abin, a jira ya amsa. Aina'u ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Abba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta yi masa wasa. Sha'aban kuwa a gona yake wuni. Inna Hure ce ta ɗauki aikin, domin babu kunya tsakanin kaka da jika. Ba ta daɗe da farawa ba ajali ya riske ta, kuma tun ranar Abba ya daina ko da murmushi.

Sha'aban ya matsa jikin bangon ɗakin. Daga ciki aka yi ɗan tarin nan da Inna take yi kafin ta yi magana.

"Ina angon nawa ya shiga? Miji ba cefane, sai ƙaton kai. To, wannan fa? Ludayi. Ce ludayi mana, malalaci."

Muryar a dishe take, tana jan kalma kamar yadda tsohuwar take ja. Sha'aban ya ja da baya har ya fita zaure, bai sake shigowa ba sai da aka kira magariba.

Ya tarar da Aina'u tana hura wuta. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin wani abu a ɗakin Inna idan yaron ya shiga. Ta gyara itace, ta goge idonta da gefen zane, ta ci gaba da hura wutarta. Bai yi mamaki ba, maganar yaron ba ta taɓa fita daga bakinta ba.

Da safe ya leƙa ɗakin. A kan tabarma an jera ludayi, ƙaramar ƙwarya da ƙwallayen goruba. Baƙin zanen Inna da mayafinta suna kan igiya, amma ba yadda aka rataye su ranar sadakar bakwai ba.

Ya sani mamaci ba ya dawowa, liman ma ya sha faɗa. To, idan ba ita ba ce, wani abu ne ya ari muryarta, kuma wannan ya fi muni. Tsofaffin unguwa suna cewa irin wannan kira ba ya ƙarewa sai yaro ya bi mai kiran. Ya buga wa yayansa Abdulkabir waya a Dawanau, suka yanke shawarar ya zo ya tafi da Abba, ya riƙe shi tare da nasa 'ya'yan.

Da ya gaya wa Aina'u, maburgi ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin miya.

"Yadda ka gani, Malam," ta ce.

Ranar da aka tsayar, Abdulkabir ya iso a kan babur bayan azahar. Sha'aban ya taro shi daga bakin titi, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya shiga ɗauko yaron. Kayan Abba suna ɗaure a gindin dalbejiya. Abba ba ya nan. Labulen ɗakin Inna yana motsi alhali babu iska, sai ga dasasshiyar muryar nan daga ciki.

"Yau za ka guje ni, ko? Ka samu wata a birni. To, kafin ka tafi, faɗa wa matarka, mene ne wannan?"

Aka yi shiru mai tsawo, irin wanda malamar asibiti ta ce a riƙa yi. Sannan wata ƙaramar murya wadda Sha'aban bai taɓa ji ba ta ce, "Lu-da-yi."

Ya dafa bango. Ko ma wace ce a ciki, ta buɗe wa ɗansa baki, abin da shi bai taɓa zama ƙasa ya gwada ba. Ya yi bisimilla, ya cire takalmi, ya ɗaga labulen.

Tana zaune a kan tabarma cikin baƙin zanen, bayanta a ranƙwashe, mayafi ya rufe ta har fuska. Abba yana kan cinyarta da ludayi a hannu. Sha'aban ya durƙusa kamar yadda ya saba gaishe ta.

"Inna, ki gafarce ni. Babu inda zan kai shi."

Ba ta motsa ba, sai kafaɗunta da suka fara rawa. Abba kuwa ya ɗauka wasan ɓuya ne ake yi. Ya miƙa hannu yana dariya, ya janye mayafin, sai ga fuskar Aina'u sharkaf da hawaye, uwar da kunyar ɗan fari ta hana wasa da ɗanta har sai da ta ari zanen kaka da muryarta.