Babbar Yake So

Tun safe marubuciyar take safa da marwa a falo, waya a hannu. Littafinta na tagwaye, wanda ɗan sarkin aljanu ya auri ƙaramar, ya sha yabo. Mai karatu ɗaya ne, mai ɓoyayyen suna a intanet, ya kafe: "Babbar yake so. Kamarsu ce ta ruɗe shi ranar farko, kunya ta hana shi gyarawa."

"Ji shisshigi!" ta ce wa mijinta. "Labarina ne da Yaya, ni ce ƙaramar. Shi zai faɗa min?"

"Rabu da shi mana."

Ina! Ta rubuta wa mai karatun: "Wa ya gaya maka?" Ta tura.

Wayar da ke aljihun mijinta ta yi ƙara.

Ta dube shi. Ta sake turawa.

Wayar ta sake yin ƙara.