Ranar da Murtala Ya Tsaya Gaban Alƙali

Malam Alhassan, manomi daga Gude, ya zauna a bencin ƙarshe na kotu a Mubi, idonsa a kan ɗansa Murtala. Tun da yaron ya shiga jami'a karatun lauya, ba shi da burin da ya wuce ya gan shi gaban alƙali.

Yau ga shi tsaye yana jero sassan doka, murya ba rawa.

Wani da ke zaune kusa da Malam Alhassan ya raɗa masa, "Baba, yaron nan ya san doka."

Alƙali ya ɗago kai. "Ka iya magana, Murtala, amma ɗalibin da ka soka a faɗan nan bai tashi ba. Ɗaurin shekara goma sha biyar."

Gandiroba ya matso da ankwa.

"Ɗana ne," in ji Malam Alhassan a hankali. "Ajin ƙarshe yake."