Girman da Hayaƙi Ya Ba Ni

Muna shiga gidan suna a Wagini, matan suka zube a gabana.

"Ina wuni, Inna? Wannan ce 'yar taki ta birni?"

Na kalli wadda muka zo tare, fuskarta sumul. Ita da gas take girki a Katsina. Ni kuwa tun aurena nake durƙushe gaban murhu a ɗakin girki marar taga, ina tari, ina cika baki cewa tuwon da bai sha hayaƙi ba ai ba tuwo ba ne. Ashe na fi tuwon sha.

Na gyara tsayuwa, na ce, "Ita ce."

Ta tuntsire da dariya. Tagwaye ne mu, kuma ita ta riga ni zuwa duniya.