Ɗaki a Tasha ta Ƙarshe

"Malam, tashi, mun zo tasha ta ƙarshe," in ji direban bas ɗin, yana taɓa kafaɗata.

Barci ne ya kwashe ni har na wuce unguwar da dillali ke jirana. Kwana tara ke nan ina yawon neman haya a garin da ban san kowa ba. Gidajen da ke kusa da asibitin da na samu aiki sun fi ƙarfina, masu araha kuma sai na hau mota uku. Litinin zan fara aiki, matata da 'yarmu sun ɗaure kaya suna jiran kirana.

Ban san lokacin da na zayyana wa dattijon direban komai ba. Ya ƙare wa damatsana kallo.

"Bayanka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Biyo ni."

A bayan tashar ya buɗe wani gida, ya nuna mini ciki da falo, ga famfo a tsakar gida.

"Ɗana ne ya tashi wancan watan. Motar nan a ƙofa take kwana, kuma ta gaban asibitinku take bi. Sharaɗina ɗaya: ta tsufa, da safe ba ta tashi sai an tura."

Nan take na kira matata. "Ku taho, na samu gida, har da mota a ƙofa."

"Mota? Yaushe ka iya tuƙi?"

"Wa ya ce miki tuƙi? Nawa turi ne. Amma kujerar gaba, babu mai raba ni da ita."