Dutsen da Ya Yi Warin Tafarnuwa

Zauna ki ji, ke da kome ya burge ki sai kin kwaso shi ɗaka. An yi wata mai niƙan kwalli a wani ƙauye na gindin duwatsu, sana'ar da ta gada wurin uwarta. Mijinta mahaƙi ne, a ramukan dalma yake yini. Ran nan ya fito mata da wani dutse da bai fi ƙwan zabo ba, daga wata siririyar jijiyar dutse can cikin ƙasa, wanda tsofaffin mahaƙa ma suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ga nauyi kamar kwalli, ga laushi har wuƙa na kankare shi, launinsa toka-toka da wani shuɗi irin na wuyan tantabara. To, ƙa'idar gidansu, sabon dutse sai an jefa ɓarɓashinsa a garwashi an shinshina. Kwallin da aka sani warin farar wuta yake yi. Wannan kuwa sai ya tashi da warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ta ji sarai. Ta kuma tuna uwarta kan ce dutsen da hanci bai sani ba, ba a kai shi ido. Amma ta dubi shuɗin nan, ta dubi 'yarta mai rarrafe, wadda matan unguwa ke yi wa tsiya wai ba ta da gira, sai ta yi kunnen uwar shegu.

Ba ta kai shi bayan gari inda masu kwalli suke niƙa ba, kada wata ta gani ta roƙa. A tsakar ɗaki ta niƙe shi, ƙurar ta kwanta kan tabarma. Kowace safiya ta rambaɗa wa yarinya a ido, ta ja mata gira, yarinya ta murje da hannu ta kai baki. Mata na ta cewa, "Ke wance, ina kika samo wannan?" ita ko sai murmushi. Kafin damina ta fita yarinya ta ƙi nono, ta koma amai, sai jijjiga. A asibitin birni aka ce dalma ta cika mata jini. Rai dai Allah ya bar shi, gani ne ya tafi bai dawo ba. Uwar ta jefa tandun kwallinta a tsohon rami, ita ke jan hannun 'yar har ta zama budurwa. Girar kuwa ta fito don kanta, baƙa wuluk, mai ita ba ta taɓa ganinta ba. Garin neman gira aka rasa ido.