Wa Yake Faɗa wa Devenney?

Ba a yi minti biyar da take wasa ba koci Fintan Mulhern ya gane an sake sayar da shi. Duk inda golansa ya buga ƙwallo, akwai ɗan ƙetaren kogi tsaye yana jira, kamar wanda aka yi wa alkawari. Dogon ɗan wasan da ya ɓoye a baya don ya ɓullo ba zato kuwa, mutum biyu ne suka raka shi tun daga bakin fili.

Karo na biyu ke nan a kakar wasa ɗaya. Haka aka yi musu a ƙaramin kofin farkon shekara, ga shi an maimaita a lig. Sauran gundumomi yaran Fintan na lallasa su ba wahala. Maƙwabtan nan ne kawai, da gada ɗaya ta raba su, suke karanta shi kamar jarida. Kocinsu, Malachy Devenney, tsoho ne da matarsa ta rasu a watan Janairu, har ana cewa zai ajiye aikin. Bai ajiye ba. Da aka tashi ya miƙo hannu ya ce, "Tsarinka ya yi kyau, yaro. Tsakani da Allah ya yi kyau."

Wannan yabon ya fi zagi yi wa Fintan ciwo.

A ƙwallon Gelik, wasan gargajiyar ƙasarsu mai 'yan wasa goma sha biyar kowane ɓangare, ba a biyan kowa ko sisi. Malaman makaranta ne da manoma da masu gyaran famfo, suna gudu cikin ruwan sama don sunan gundumarsu. Wanda ya sayar da sirri a nan, ba kuɗi ya ja shi ba, kuma abin da ya fi ci wa Fintan rai ke nan.

Sai ya shiga zargin kowa. Ya hana shiga da waya wurin atisaye. Ya sa aka lulluɓe shingen fili da tampol. Wani manomi ya leƙo yana neman karsanarsa, ya sha kora kamar ɓarawo. Ya daina zana komai a allo. Matarsa ta tambaye shi wa zai buga tsakiya, ya dube ta har sai da ta ajiye butar shayi ta fita.

Wuri ɗaya ya rage masa na hutu. Kowace Asabar da yamma yakan je kabarin mahaifinsa, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin gundumar, ya durƙusa ya daɗe. Ko a can ma ba ya buɗe baki. Yakan dawo gida da laka a gwiwa da farar ƙura a yatsu, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Mataimakinsa Packie ne ya kawo sunan, yana magana ta gefen baki. "Ni dai ban ce komai ba. Amma yarinyar da golanka zai aura, ka san daga ina take? Kuma yayanta wa yake buga wa?"

Golan shi ne Cormac, ɗan ƙanwar Fintan. Fintan ne ya saya masa safar hannunsa ta farko. Kuma Cormac kaɗai ne yake sanin inda kowace ƙwallo za ta sauka.

Fintan ya tare shi a wurin ajiye motoci bayan atisaye.

"Me kuke hira a kai, kai da budurwarka Orla?"

Cormac ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Labule, Kawu. Labule da kuɗin haya. Kana son ka shigo ciki?"

"Ka ajiye rigar."

Dariyar ta tsaya. "Kawu, ni? Ni kake nufi?"

Yaron ya cire rigar a nan cikin yayyafi, ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kan motar kawunsa. Kafin wata ya ƙare ya bi abokansa aikin gini a Ostireliya, aka ɗaga bikin. Uwarsa Maura ta daina amsa gaisuwar yayanta, ko a ƙofar coci.

Fintan ya ji zafi, amma ya gaya wa kansa ya toshe kafar. Ƙuri'ar babban kofi ta sake haɗa su da maƙwabtan, ya ƙulla sabon tsari wanda bai faɗa wa kowa ba. Ko Packie bai sani ba. 'Yan wasan ma sai a ɗakin canza kaya za su ji. Ranar Asabar ya je wurin mahaifinsa kamar kullum.

Safiyar Lahadin wasan ya tashi da kewar Cormac. Maimakon ya wuce wurin motar 'yan wasa, sai ya karkata maƙabarta, ranar da bai taɓa zuwa ba.

Fararen tsakuwoyinsa goma sha biyar suna nan a kan dutsen kabarin, a jere yadda ya bar su jiya, domin da su yake nuna wa mahaifinsa tsarin kowane wasa. Sai dai yau ba su kaɗai ba ne. Kusa da kowace fara, wani ya ajiye baƙa. Wadda ya janye can gefe, makaminsa na ɓoye, baƙaƙe biyu ne suka sa ta a tsakiya.

Ya juya a hankali ga sabon kabarin da ke manne da na mahaifinsa, wanda bai taɓa yi wa kallo biyu ba. An kwashe busassun furannin da suka rufe gicciyen, an zuba sababbi masu raɓa, kuma sunan ya fito sarai: Nuala, matar Malachy Devenney.