Ranar da Famfon Unguwar Tudu Ya Yi Tari

Ladidi 'yata, tun da ke aka ɗora wa aikin yanka kuɗin ruwan garin nan, ajiye takardun ki matso in ba ki wani misali. Ni duk sanda na tuna shi sai in ji daɗi ya rufe ni.

An yi wani gari mai tankin ruwa guda ɗaya, rabin garin a kwari, rabi a kan tudu. Kuɗin ruwa kuwa bai ɗaya ne: da mai buga bulo da ke jiƙa bulo dubu a yini, da tsohuwar da buta biyu ke isarta, abu ɗaya suke biya. Don haka mutanen kwari ba su san zafin ruwa ba. A buɗe famfo a tafi kasuwa, a wanke mota da tiyo har lungu ya koma fadama. Kafin ruwan ya hau tudu ƙarfinsa ya ƙare. Shekara bakwai famfon unguwar tudu bai ɗiga ba. Akwai wata mai waina a can, kullum sai ta jira 'yan garuwa sun turo kura kafin ta jiƙa shinkafa, ranar da suka makara kuwa masu saye su watse ta yi kwantai. Ana nan sai aka naɗa wani tsohon mai gyaran famfo shugaban kwamitin ruwa. Ya tara jama'a ya ce, "Za a sa mita a kowane gida. Jarka goma ta farko a yini, ta sha da girki da alwala, kusan kyauta ce. Wanda ya haura haka, kuɗinsa ya haura tare da shi." Wuri ya kaure da hayaniya. Mai bulo ya rantse sana'arsa ake so a kashe, masu wankin mota suka ce ruwa na Allah ne. Duk da haka aka sa mita.

Da wata ya cika aka zagaya dubawa, kowa ya zuba ido ya ga yadda za a kama mai bulo. Kin san gidan da ya fi kowane gida shan ruwa? Gidan shugaban kansa. Yana da wata bishiyar gwaiba a tsakar gida da yake alfahari da ita, kore shar ko a tsakiyar bazara. Ashe bututu ne ya fashe a ƙarƙashinta, shekara da shekaru tana sha ita kaɗai. Mai bulo ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsohon bai ɓoye ba, bai kuma nemi a rage masa ba. Da rana tsaka ya buɗe ƙofar gidansa, ya ɗauki diga ya haƙa gindin gwaibar, ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa shi sharkaf. Ya dubi masu kallo ya ce, "Ku shigo ku ga ɓarawon ruwanku. Ni nake kwana da shi ban sani ba." Shi ya fara biyan kuɗi mai tsadar a garin.

Daga ranar kowa ya koma gida yana kasa kunne a jikin bango ko zai ji yoyon bututu. Kafin mako ya zagayo robar ɗaure famfo ta ƙare a kasuwa. Mai bulo ya haƙa rami ya shafe da siminti, ruwan da ya gangaro daga bulo ya sake komawa kan bulo. Masu wankin mota suka rataye tiyo suka ɗauki bokiti. Ruwan wanki ya tafi wanke tsakar gida, na alwala ya tafi gindin zogale. Wannan ya rage kofi, wancan ya rage jarka, ba wanda ya ɗauki nasa a bakin komai.

Sai wata Juma'a da hantsi, mai waina na gaban tanda, ta ji famfon bayanta ya yi tari. Ta waiga. Ya sake yi, ya tofo jan tsatsa, sannan ruwa fari tas ya ɓarke da ƙarfi har yana tsalle daga ƙasa. Ta saki cokali ta rangaɗa guɗa, waina na ƙonewa ba ta ko kula ba. Unguwa ta fito kaf, mai bokiti, mai tukunya, mai kwanon sha. Tsofaffi suna tara hannu suna sha suna hawaye. Mai bulo da kansa ya hau tudun a kan mashin don ya gani da idonsa, aka watsa masa ruwa, ya tsaya yana dariya. Ba a gina sabon tanki ba, Ladidi, ba a sayo sabon inji ba. Ruwan da ke garin ne dama, aka bar shi ya isa.

To in kin zauna yanka kuɗin, ki sauƙaƙa wa mai ƙishi, ki tsawwala wa mai ɓarna, ki fara da mitar gidanki. Kada kuma ki raina kofin da kowa zai rage, don Hausawa sun riga sun faɗa: da yayyafi kogi kan cika.